Akushina a Ciyayyar Gashuwa

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, ba a daɗe da ƙare babban yaƙin Turawa ba, na sauka daga jirgin ƙasa a tashar Nguru da akwatin ƙarfe a ka, da takalmi sau-ciki mai cizon ɗan yatsa, ina ji a raina duk garin babu wanda ya kai ni. Tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana. Daga lokacin har gemu ya fara tsiro mini, ƙararrawa ce take tashina, ita take kirana cin abinci, ita take kora ni barci. Na san sunayen manyan kogunan duniya, na iya lissafi da ka, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda gari yake zama tuwo ba. In an buga ƙararrawa in miƙa kwano a zuba mini, iyakar sanina ke nan.

Mahaifina fataucin fatu da ƙiraga yake yi. Asalinmu Kanawa ne, hanyar jirgi ce ta jawo shi Nguru ya kafa rumfa kusa da tasha. Bai taɓa son karatun nan nawa ba. Mai unguwa ne ya zo neman yaro ɗaya daga gidanmu, aka duba aka ga ni ne ban isa ɗaukar kaya ba tukuna, aka miƙa ni. Ranar da na gaya masa an tura ni Gashuwa in koyar a elementare, yana tsugune yana juya wata fatar akuya, ko kai bai ɗaga ba.

Ya ce, "To, je ka. Ran da 'ya'yan mutane suka watse suka bar ka da allo, ka dawo. Ga rumfa nan, yayanka yana neman mai riƙe masa sikeli."

Na tsani warin rumfar nan tun ina yaro, na kuma tsani yadda ya faɗi maganar, kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya faru. Ba a mayar masa da magana. Amma na ƙudura a raina ko me za a yi ba zan dawo in tsaya a bayan sikelin nan ba.

Motar kaya na bi ta Jajimaji. Rabin tafiyar a zaune muka yi ta, rabi muna turi cikin rairayi. Baba ya haɗa ni da wani amininsa a Gashuwa, dillalin busasshen kifi, mutumin Haɗeja, mai ƙiba da yawan dariya. Baffa nake ce masa. Makaranta ta ba ni ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida kewaye da zana, amma ci da sha duk Baffa ya ɗauka. Da rana a aiko mini, da yamma kuwa in je ƙofar gidansa wurin ciyayya.

Makarantar aji biyu ce. Hedimasta, wani dattijon Babarbare mai sanyin hali, yana riƙe da manya, ni aka ba ni sababbin shiga. Da bazara da damina abin ya yi daɗi, tabarmin ajina cike suke, har ina jin muryata tana burge ni. Sai kaka ta yi, ruwan kogi ya fara ja da baya. Shinkafa ta nuna a fadama, kifi ya taru a tafkuna, kowane gida yana neman hannu. Yau in ga wurin mutum biyu babu kowa, gobe in ga layi guda ya ɓace. Kafin in farga, waɗanda suka rage mini ba su cika tabarma biyu ba.

Ana cikin haka mai duba makarantu ya zo. Ya leƙa ajina, ya dubi tabarmin da ba kowa a kai, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi zai sake zagayowa kafin bazara, in ya tarar da ajin haka za a haɗe shi da na hedimasta, makarantar kuma ba ta bukatar malami na biyu. Yana fita na ji warin ƙiraga a hancina.

Na zauna na yi tunani, na samo dabara. Iyayen nan ba ƙin karatun kaɗai ne ya sa suke janye yaransu ba, aiki ne ya sha musu kai. To me zai hana a lokacin kaka mu fara karatu da an idar da sallar asuba, in sallame su da hantsi, su tafi fadama da bakin kogi su yini? Na kai wa hedimasta. Ya yi mini sannu da Barbarci ya ce, "Wushe, Malam, dabara ce. In iyayen sun yarda, ni ma na yarda." Na shiga bi gida-gida. Kowane magidanci ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har in gama, sannan ya ce, "Madalla, Malam. Sai mun zauna."

Da farko na ɗauka kora ce da ladabi. Daga baya na gane gaskiyarsu suke faɗa. A unguwar nan, inda yawancin yarana suka fito, babu mai yanke shawara shi kaɗai a kan abin da ya shafi kowa. Zaman da suke nufi kuwa shi ne ciyayyar ƙofar gidan Baffa, wadda nake zuwa kullum.

Ga yadda take. In an idar da magariba a shimfiɗa tabarmin kaba a gindin tsamiya. Daga kowane gida akushi ya fito rufe da faifai, a jera su a gaban babban unguwar, wani tsohon masunci Babade, siriri, mai ƙananan idanu, wanda kowa yake kira Dattijo. Shi yake nuna akushin da za a fara buɗewa. A kewaye shi a cinye, a jawo na gaba. Tuwon gero, tuwon shinkafa, burabusko, miyar kuka da bandar tarwaɗa, kowa ya san hannun gidan kowa. In an wanke hannu sai magana ta tashi: rijiyar da ta rufta, shanun da suka shiga gonar wane, wanda za a taya rufin ɗaki. Abin da aka tsayar a nan shi ake yi.

Na ce ashe abin ma a gabana yake. Wata yamma ana gama wanke hannu na gyara murya na ce, "Dattijo, ina da magana a kan yaran makaranta."

Bai dube ni ba. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Baƙonka bai ƙoshi ba ne?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya sa hular ubansa. Wani ya ɗauko zancen rijiya, aka bi shi. Ni da nake tsayawa gaban Bature in yi bayani ya gyaɗa kai, yau mai kama tarwaɗa ya mayar da ni abin dariya! Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi ko sallama ban yi ba.

Baffa ya biyo ni ya kama hannuna. Ya ce, "Ɗana, kada ka yi fushi, ba raina ka aka yi ba. A wurin nan wanda akushinsa ya fito shi yake magana. Kai a akushina kake ci, in kana da magana ni zan faɗa maka ita."

"To ka faɗa mini ita, Baffa."

Ya sosa ƙeya. Nasa yaran ma biyu ya janye suna taya shi ɗaurin kifi. Ya ce, "Zan duba lokacin da ya dace." Na san lokacin nan ba zai zo ba.

Akushi yana fitowa ne daga gidan mai mata, aure kuwa ba ya cikin lissafina. Yayana bai yi ba tukuna, an sa nasa sai baɗi, a gidanmu kuma ƙani ba ya tsallake wa. Mai duba makarantu ba zai jira baɗi ba. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na sayi sabon akushi da faifai, na je bakin kasuwa wurin wata mai sayar da tuwo ga 'yan mota, ta cika mini shi, ta malala miya. Da magariba na kai na ajiye a cikin jeri, na zauna ina ƙoƙarin kada in yi murmushi.

Da aka zo kansa, wani ɗan tireda a cikinmu, shi ma Bakano, mai son a ji shi, ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Af! Miyar nan ai na san ta. Jiya da rana muka gaisa da ita a bakin kasuwa. Kanwar nan ko a mafarki na gane ta."

Wannan karon har da masu riƙe ciki. Dattijo ya mayar da faifai ya rufe, ya ce, "A kai wa yara." Aka ɗauke akushina aka yi cikin gida da shi.

Washegari Baffa ya same ni a ɗaki. Ya ce, "Ba akushin ake dubawa ba, ɗana, hayaƙi ake dubawa. Duk unguwar nan an san gidanka ba ya hayaƙi."

Maganar ta tsaya mini. Bayan ya fita na leƙa tsakar gidan nan nawa, babu murhu, babu toka, sai buta da igiyar shanya. Na yi tunanin ɗauko wata tsohuwa ta riƙa dafa mini, amma tsofaffin duk suna bakin kogi wurin bandar kifi, kuma ko an samu, matan gidan Baffa za su ce na raina girkinsu na kawo bare. Saura hanya ɗaya. Na daɗe ina kewaye ta, don na san abin da ake cewa da namijin da ya riƙe muciya. Amma da na auna wannan da tsayuwa a rumfar Baba, sai na ga muciyar ta fi sauƙi.

Da aka ba da ɗan hutu na tafi Nguru. Na bari sai da Baba ya fita, na shiga wurin Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, so nake ki koya mini tuƙa tuwo."

Ta ajiye rariya. "Me ka ce?"

Na maimaita.

"Inna lillahi! Abin da aka koya maka a kwalejin ke nan? Namiji da muciya, a gidan nan? So kake a yi da ni a garin nan? Ka bari a gama na yayanka, in nemo maka yarinya mai hannu."

Na kwashe labarin duka na gaya mata, da tabarmin da babu kowa, da mai duba makarantu, da akushin da aka kai wa yara. Da na zo nan sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Akushinka aka ba yara? A gaban mutane?" Ta sake ɗaukar rariya tana kaɗawa babu gari a ciki. Can ta ce, "Ni dai ban koya wa ɗana girki ba, kada in ji a bakin kowa. Zauna can bakin ƙofa ka yi mini hira. In idonka ya ga wani abu, ba ruwana."

Haka muka yi duk hutun. Ina zaune a kan turmi, ita kuma tana girki tana yi wa tukunya faɗa da ƙarfi. "Ke, ba a zuba miki gari sai kin tafasa! Ga talge nan, ki dahu tukuna, mai gaggawa shi yake cin gudaji." In ta zo tuƙi sai ta juyo yadda zan ga yadda take danne tukunyar da ƙafa, take jawo muciya ta jikin tukunya tana murza gudajin. Ta rufe ta ce, "Yanzu ki sulala, kada kowa ya dame ki." Miya ma haka: yaushe daddawa take shiga, yaushe kifi, yadda ake barbaɗa kuka da hagu ana kaɗawa da dama don kada ta dunƙule. Hirar da nake yi mata kuwa, ban jin ta ji ko kalma ɗaya.

Yayana ya gane, don ba a ɓoye masa abin tsokana. In ya shigo sai ya ce, "Ina amaryar Gashuwa?" Na yi kamar in kai masa duka, na tuna na girma. Baba kuwa sai ranar tafiyata ya tanka mini. Ina ɗaure kaya ya tsaya a kaina ya ce, "Na ji an ce ajin naka ya zama kango." Na ce, "Zai cika, Baba." Ya ce, "Allah ya sa," da irin muryar da ake yi wa mara lafiyar da aka fid da rai. Sai da na isa Gashuwa na kwance tabarmata na ga abin da Inna ta naɗe a ciki: muciya sabuwa, da mara, da maburgi, da ƙullin kuka da na daddawa. Na zauna a bakin gado na riƙe muciyar nan, ƙwalla ta cika mini ido.

Kafin in hura wuta sai da na je wurin Baffa, don ban so ya ji a bakin wani. Na ce daga yanzu abincin yamma zan riƙa yi da kaina. Dariyarsa ta ɗauke.

"Abincin gidana ne bai ishe ka ba?"

"Ya ishe ni, Baffa, har ya yi mini yawa. Ba ciki ne ya kawo ni ba, baki nake nema."

"Ka san abin da za a ce da kai? Ka san abin da ubanka zai ce da ni?"

"Na sani."

Ya ce, "Taurin kan nan na gidanku ne, na san inda ka samo shi. Je ka. Ni dai ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba."

A Gashuwa dutse wuya gare shi, da tubali uku na kafa murhu. Gero nakan kai wa masu dakau su mayar mini da shi gari, sauran aikin kuwa nawa ne. Abin da ido ya gani a Nguru, ashe hannu bai gani ba. Tukunyar farko ta kife mini a ƙafa. Ta biyu ta kama, ƙauri ya cika unguwa. Ta uku ta yi ruwa, sai da na sha ta da ludayi. Hayaƙi ya sa idanuna suka yi ja, har hedimasta ya tambaye ni ko ciwon ido nake yi. Ta bayan zana ina jin matan maƙwabta suna ƙus-ƙus, wata ta ce, "Wallahi shi ne, ga ƙafarsa nan," su fashe da dariya. Na ciji leɓe na ci gaba da tuƙi. Duk abin da na ɓata ni nake cinye shi, don ban yarda a ga na zubar ba. A makaranta kuwa tabarma biyun nan ta koma ɗaya da 'yan kai.

Ranar da tuwon ya tsaya a mara bai zube ba, miyar kuma ta yi kauri ta kama shi, na ce yau ne. Na yi wanka don in rage warin hayaƙi, na sa farar rigata. Sauran akusa yara ne suke kawowa, nawa ni na ɗauko shi da hannuna, na ratsa unguwa ana kallona, na ajiye shi a ƙarshen jeri. Tafin hannuna duk ya yi bororo saboda muciya, na ɓoye shi cikin hannun riga.

Dattijo ya nuna na farko, aka ci. Ya nuna na biyu. Haka aka yi ta bi har ya rage saura nawa. Ni dai ban san abin da na ci ba a yammar nan. Ɗan tiredan nan ya dubi akushin ya dube ni, ya ce, "Malam, yaushe aka ɗaura ba mu ci goro ba? Ko yau ma daga bakin kasuwa ne?"

Na ce, "Ba a ɗaura ba, ba kuma daga kasuwa ba ne. Ni na tuƙa."

Kowa ya riga ya ga hayaƙin, kowa ya ji labari wurin matarsa, amma ba su zaci zan faɗa da bakina ba. Ɗan tireda ya tafa hannu ya ce, "A'uzu billahi! Jama'a, a Kano mun san sunan maza masu tuƙa tuwo. Wannan ne zai koya wa 'ya'yanmu?" Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baffa yana ta kallon yatsun ƙafarsa. Wata amsa mai zafi ta zo mini har bakin harshe, wadda da na faɗe ta da sai an raba mu. Na haɗiye ta. Ban sha hayaƙin nan duka don in zo in yi cacar baki da mai sayar da ashana ba.

Dattijo ya jawo akushin gabansa. Ya ɗaga faifai, ya sunkuya ya shinshina. Ya gutsuro loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Haƙoransa saura kaɗan, ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "Akwai gudaji."

Na ce, "Akwai, Dattijo."

"Miyar ma gishiri ya yi kaɗan."

Sai ya sake kai hannu. Ya yi wata magana da Badanci ga na kusa da shi, wanda ya yi dariya ya matso ya sa hannu shi ma. Daga baya aka fassara mini: cewa ya yi wanda suke tuƙa wa kansu in sun tare a bakin tafki ya fi wannan muni, kuma bai kashe kowa ba. In babba ya sa hannu kowa sai ya sa, haka ƙa'idar take. Masunta suka matso, manoman shinkafa suka matso. Baffa ya kai loma ya ce, "Kai, hannun uwarka ne, sai dai an rage." Ɗan tireda ya ce shi ya ƙoshi, ya ja jikinsa baya. Ban damu ba. Ina kallo aka suɗe akushin nan har ƙasa.

Aka zagaya da ruwan wanke hannu. Wani ya fara zancen shanun da suka shiga fadama, Dattijo ya ɗaga masa hannu. Ya juyo, karo na farko tun zuwana garin ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Malam, an ce kana da magana."

Duk jawabin da na tsara a kaina ya gudu. Na faɗa musu a taƙaice: su ba ni yaran daga asuba zuwa hantsi, sauran yinin nasu ne, har a gama girbi da kamun kifi. Na gaya musu gaskiya kuma, cewa in ajin ya mutu ni ma tafiya zan yi, ba na kuma son tafiyar. Aka yi ta ja. Wani ya ce da asuba ake duba komar kifi, wani ya ce yaro in ya saba zama ba ya son shiga ruwa. Na amsa wanda zan iya, wanda ban iya ba na ce ban sani ba. Ɗan tireda ya ce nasa ɗan ba zai zauna gaban mai muciya ba, kuma bai taɓa turo shi ba har na bar garin.

Da maganar ta lafa Dattijo ya ce, "Za mu gwada. Gobe kowa ya tura nasa." Ya tura mini akushina da ƙafa. "Amma ka ji, Malam. Akushin da ya shiga jeri ba ya fashi. Ran da muka nemi naka muka rasa, maganarka ta koma wurin Baffanka."

Sai a lokacin na gane abin da na ɗauko wa kaina. Na zaci gwaji ne na rana ɗaya, in ci in huta. Ashe kullum ne, da gajiya da zazzaɓi, da ruwa da iska, har sai ran da Allah ya kawo mai karɓar muciyar. Na ce, "Ba zai yi fashi ba."

Ajin bai taɓa cika maƙil ba a kakar nan, amma da mai duba makarantu ya zagayo bai sake ta da zancen haɗe aji ba. Sai dai ba zuwansa nake tunawa ba in na tuna shekarar. Safiyar da ta biyo bayan ciyayyar nan nake tunawa. Ina idar da asuba na wuce makaranta na shimfiɗa tabarmin duka, har waɗanda na daɗe da naɗewa. Na tsaya a bakin ƙofa, gari yana wayewa, babu kowa. Zuciyata ta fara raya mini cewa alkawarin bayan cin tuwo ne kawai. Can na hango su ta hanyar kogi, biyu-biyu, uku-uku, suna hamma, rigunansu suna warin hayaƙin banda. Na Baffa ma suna ciki. Suka shige ni suka zazzauna kamar jiya suka tashi. Na yi murnar da ban yi irinta ba ko ranar da aka ce na ci jarrabawar fita kwaleji.

Na ɗauki alli zan rubuta, bororon hannuna ya fashe, yatsun suka ƙi rufuwa. Na mayar da allin hagu, na rubuta baƙaƙen a karkace, suka bi ni suna karantawa da ƙarfi. Da hantsi na sallame su suka ruga bakin kogi. Ni kuma na naɗe hannuna da tsumma na nufi kasuwa, don kukar Inna ta kusa ƙarewa, ga shi an ce gishiri ya yi kaɗan.